Jirgin Ruwa Mai Batir: Tun 1839 Matsalar Tana Bakin Gaɓa

A shekarar 1839 mutanen birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha suka ga abin mamaki a Kogin Neva. Wani ƙaramin jirgi ne, tsawonsa kimanin mita 8, ɗauke da mutum 14, yana haurawa gaba da ruwa. Ba mai riƙe da filafili, ba ƙyallen da iska ke turawa, ba kuma baƙin hayaƙin kwal irin na jiragen tururi da aka saba gani. Wasu ƙafafu biyu masu fikafikai ne a gefensa suke juyawa suna dukan ruwa. Gudunsa bai kai kilomita 5 a awa ba, wato mai ƙafa da ke sauri a gaɓa zai iya jerawa da shi har su yi hira.

Mai jirgin shi ne Moritz von Jacobi, Bajamushe haifaffen Potsdam, wanda ya fara da aikin zanen gine-gine kafin lantarki ya ɗauke masa hankali. A 1834 ya haɗa injin lantarki mai juyawa a Königsberg, labari ya kai fadar Rasha, Sarki Nicholas na Ɗaya ya buɗe masa baitulmali. Tun a 1838 ya fara gwaji da ƙananan batura 320, jirgin kuma yana jan ciki kamar kunkuru. Na 1839 ɗin gyara ne a kan na farko.

A lura da shekarar. Sai bayan shekara 47 Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai shan fetur. Ke nan duk wanda ya tashi a taron baje koli yana tallar jirgi mai batir a matsayin sabon abu ɗan yau, ya tsallake tarihin da ya doshi shekara 200. Wanda kuma ke taɓe baki yana cewa abin wasan yara ne, shi ma bai karanta ba, don jiragen nan sun taɓa ɗaukar fasinja fiye da miliyan ɗaya cikin wata shida a wuri guda. Tarihinsu na farko yana nuna abu ɗaya a fili: injin bai taɓa zama babbar matsala ba. Inda aka samu wanda ya tanadi wurin caji a bakin ruwa, kuma tafiyar gajera ce sananniya, jirgin ya rayu. Inda babu wannan, ya mutu, komai kyan ƙirarsa.

Na Jacobi ma abin da ya kashe shi ke nan. Baturan zamaninsa ba a cajinsu. Tutiya ce ake tsomawa cikin asid tana narkewa a hankali tana ba da wuta, in ta ƙare a sayo wata. Irin batirin da ya koma amfani da shi, ƙirar William Grove ɗan Birtaniya, har da ƙarfen filatinam mai ɗan karen tsada a ciki, ga wani tururi mai shaƙe maƙogwaro da yake fitarwa. Jirgin da aka yi don a huta da hayaƙin kwal sai ga shi yana sa mutane tari. Daga baya James Joule, wanda yau ake auna makamashi da sunansa, ya zauna ya yi lissafi a Ingila. Ya gano cewa aikin da tutiya za ta yi a cikin batir bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wanda kwal mai nauyinta zai yi a injin tururi mai kyau ba, alhali tutiya ta fi kwal tsada nesa ba kusa ba. Babu ɗan kasuwar da zai ji wannan lissafi ya zuba kuɗinsa. Aka jingine maganar kusan shekara 40.

Abubuwa biyu ne suka tashe ta. A 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin darma da asid, wanda in ya mutu ana iya sake cika shi. Shi ne kakan batirin da ke cikin kusan kowace mota a yau, wanda masu gyara ke ƙara wa ruwa a bakin titi. A 1881 wani Bafaranshen, Camille Faure, ya gyara yadda ake yin farantan darmar har aka iya ƙera shi da yawa a masana'anta. A tsakanin nan kuma Werner Siemens da Zénobe Gramme sun kawo janareta mai ba da wuta da yawa a farashi mai sauƙi. Yanzu ga tulu, ga kuma rijiyar da za a cika shi.

Gustave Trouvé na birnin Faris, mutum mai hannun ƙere-ƙere wanda ya fara da gyaran agogo, bai ɓata lokaci ba. A ranar 26 ga Mayu, 1881, ya saka wani kwalekwale mai mita 5 a Kogin Seine, ya sa masa suna Le Téléphone. In yana haurawa gaba da ruwa yana yin kilomita 3.6 a awa, in ya biyo ruwa ya kai 9. Gudun ba abin a zo a gani ba ne. Dabarar tana wurin da ya ɗora injin: ya haɗa shi da farfela a jikin abin karkata jirgi, yadda za a iya cire shi gaba ɗaya a ɗauka a tafi da shi gida. Duk matuƙin da ke saɓa injinsa a kafaɗa da yamma don gudun ɓarayi, dabarar Trouvé yake ɗauke da ita, ko da yake nasa fetur yake sha. Injin ratayawa na farko na lantarki ne.

Shekara ɗaya bayan nan aka koma Landan. Anthony Reckenzaun, ɗan asalin Ostiriya da ke aiki da wani kamfanin batura a Millwall, ya ƙera jirgi mai jikin ƙarfe, tsawonsa ya ɗara mita 7, ya kira shi Electricity. Ya ɓoye baturan a ƙarƙashin kujeru, sai fasinja suka samu fili, nauyin darmar kuma ya zauna can ƙasa yana hana jirgin tangal-tangal. Wannan wata fa'ida ce da jirgi ya fi mota da ita: nauyin da ke wahalar da taya, a ruwa amfani yake yi. Jirgin kan yi awa shida da caji ɗaya a Kogin Thames, yana gudun kusan kilomita 13 a awa. A watan Satumba na 1886 Reckenzaun ya yi abin da ya sa jaridu suka ɗauka: da wani jirginsa mai suna Volta ya tsallaka mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, daga Dover zuwa Calais, ya kuma komo a rana ɗaya ba tare da an ƙara caji ba. Har an ba da labarin cewa saboda shirun jirgin, wani daga cikin mutanen ciki ya miƙa hannu ya cafke tsuntsun teku yana barci a kan ruwa.

Duk wannan bajinta ce, amma bajinta ba ta ciyar da gida. Wanda ya mai da abin sana'a shi ne Moritz Immisch, wani Bajamushe mazaunin Landan, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya.

Immisch ya fahimci cewa a ƙarshen shekarun 1880 yawancin gidajen Landan ma ba su da wutar lantarki, balle ƙauyukan bakin Thames. Mai kuɗi zai iya sayen jirgi mai batir, amma in ya yi nisa ya mutu masa a tsakiyar kogi, ina zai kai shi? Sai shi da abokin kasuwancinsa Viscount Bury, da Magnus Volk wanda ya gina ƙaramin layin dogo na lantarki a Brighton, suka juya lissafin. Suka kafa jerin tashoshin caji a tsawon kogin, wasunsu ma a kan manyan kwale-kwalen dakon kaya aka ɗora su, da injin tururi da janareta a ciki, yadda za a iya ja da su zuwa duk inda jama'a suka taru, kamar lokacin gasar tseren jirage ta Henley. Sannan suka zuba jirage na haya. Mutum ba ya bukatar sayen batir, ba ya bukatar sanin yadda ake kula da shi. Ya biya, ya shiga, ya sha iska, ya dawo da jirgi, ma'aikata su jona shi ya kwana yana shan wuta. Hedkwatarsu tana wani ɗan tsibiri mai suna Platt's Eyot. Wata taswirar yawon shaƙatawa ta 1893 ta nuna tashoshin caji takwas tsakanin Kew da Reading.

Wanda ya san shagon cajin waya a kasuwar ƙauye, inda mutum ɗaya ke da janareta ko faifan sola, mutum ɗari kuma ke kawo wayoyinsu, ya riga ya gane kasuwancin Immisch. Ya kuma gane abin dariyar da ke ciki: hayaƙin bai ɓace ba, an dai matsar da shi ne daga hancin masu hutu zuwa can inda leburori ke zuba kwal.

Su kuwa masu hutun sun yi na'am. Jirgin tururi yana watsa toka a fararen tufafi, yana da zafi, tukunyarsa na iya fashewa, kuma sai an jira ruwa ya tafasa kafin a motsa. Na batir juya maɓalli kawai ake yi. Mafi girma a jiragen Immisch, Viscountess Bury, wanda aka saka a ruwa a 1888, ya kusa mita 20, yana ɗaukar mutum kimanin 80. Hukumar birnin Leeds ma ta sa an ƙera mata nata, Mary Gordon, a ƙarshen shekarun 1890, don yawo da jama'a a tafkin lambun Roundhay.

Babban gwajin ya zo a Amurka. A bikin baje kolin duniya na Shikago a 1893 an haƙa tafkuna da magudanan ruwa a tsakanin gine-ginen, aka zuba jirage masu batir 55. Cikin wata shida suka yi jigilar mutum sama da miliyan ɗaya. Hanya ɗaya suke bi, nisan sananne ne, da dare kuma duk su koma wuri ɗaya a caje su. A shekarar da ta biyo baya, 1894, birnin Bergen na ƙasar Norwe ya fara fito da ƙananan jirage masu batir daga wannan gefen tashar ruwansa zuwa wancan. Waɗannan ba na masu hutu ba ne, na ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu biyan kuɗin fito kullum.

To me ya faru? Jarka ce ta zo.

Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin darma fiye da sau 200. Ko da an cire abin da injin fetur ke ɓarnatarwa a zafi da ƙara, wanda shi ne kaso mafi tsoka, ratar da ta rage ninki gommai ce. Ga kuma halin ruwa: jirgin da ke ratsa ruwa da cikinsa, in ana so ya ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin da yake bukata kan kai wajen ninki takwas. Batir yana son mai haƙuri, matasa kuwa gudu suke so. Wajen 1909 Ole Evinrude, haifaffen Norwe mazaunin Milwaukee, ya fara sayar da injin ratayawa mai fetur, irin dabarar Trouvé amma da tanki. Mai shi ba ya bukatar tashar kowa. Ya cika jarka, ya nufi inda ya ga dama, in ya ƙare ya ƙara cikin minti biyu. Zuwa shekarun 1920 tashoshin Thames sun watse, aka ciro batura daga manyan jiragen aka dasa musu injin mai. Viscountess Bury da Mary Gordon duk haka ta same su.

Kamfanin da ya samo asali daga jiragen Shikago, Elco, shi ne ya fi ba da labarin. A 1899 wani lauya mai harkar batura, Isaac Rice, ya haɗa shi cikin sabon kamfaninsa, Electric Boat. A Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin da sunansa ke nufin jirgin lantarki ya shahara ne da ƙera jiragen yaƙi masu gudu, kowanne da manyan injinan fetur uku. Ɗaya daga ciki shi ne PT-109, wanda John F. Kennedy ke jagoranta lokacin da jirgin Japan ya raba shi biyu a 1943.

Sai dai batir bai bar ruwa gaba ɗaya ba, kuma wuraren da ya maƙale su ne hujja mafi ƙarfi. Na farko ƙarƙashin teku, inda babu iskar da injin mai zai shaƙa. A 1888 Isaac Peral na sojan ruwan Sifaniya ya saka jirgin nutso mai aiki da batir zalla, Faransa ma ta saka nata, Gymnote, a shekarar. Matsalarsu ita ce ta kullum: in wuta ta ƙare sai an koma gaɓa. John Philip Holland ya warware ta a jirgin da sojan ruwan Amurka suka saya a 1900. Ya sa injin fetur da zai tuƙa jirgin a saman ruwa yana cajin batura, in an nutse batura su karɓa. Wato tashar cajin ya ɗauko ya cusa cikin jirgin.

Na biyu wani tafki ne a tsakanin duwatsun Bavaria a kudancin Jamus, Königssee, mai tsawon kimanin kilomita 8. Tun 1909 jiragen fasinja masu batir ke aiki a cikinsa, sun ratsa yaƙin duniya biyu da zamanin arhar mai, har yau ba su daina ba. Hukuma ce ta tsaya a kan kada a dami tafkin da ƙara da ƙazanta, hanyar gajera ce, jiragen kuma gida ɗaya suke kwana. Saboda shirun wurin, matuƙa kan tsayar da jirgi a gaban wani dutse su busa ƙaho, fasinja su ji amsa-kuwwa tana dawowa.

Da Norwe ta dawo kan maganar a 2015 da Ampere, babban jirgin fito mai ɗaukar mota 120 da fasinja wajen 350 tsakanin Lavik da Oppedal, batirin ya canja, ya koma na litiyam wanda ya ninka na darma sau da yawa a nauyi ɗaya. Ciwon kan kuwa na Immisch ne. Tsallakawar kilomita 6 ce, kimanin minti 20, sau 34 a rana, kuma minti 10 kacal jirgin ke tsayawa. Layin wutar ƙauyukan biyu ba zai iya ba da abin da ake bukata cikin minti 10 ba. Sai injiniyoyi suka girke wasu manyan batura a kowace gaɓa, suna tsotsar wuta a hankali, in jirgi ya iso su juye masa. Ƙasar da ke da wadatar wutar madatsun ruwa ma sai da ta fara gyara bakin gaɓa. A jihar Kerala ta Indiya, jirgin fito Aditya da ya fara aiki a 2017 ya ɗora faifan sola a rufinsa, yana ɗaukar mutum 75 a wata gajeriyar hanya da ba ta canjawa.

Yawancin wannan tarihi na Turai ne da Amurka, amma akwai inda ya taɓo masu fito na Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Jarkar da ta kashe jiragen Immisch ita ce yanzu ke cinye ribar matuƙi. Ba mamaki a ga masu tallar injin batir sun fara leƙowa, kamar yadda a gaɓar Tafkin Victoria ta ɓangaren Kenya aka riga aka fara ba masunta hayar irin waɗannan injina, kamfani na riƙe da batura yana cajinsu.

Tsarin hayar nan shi ne abin dubawa. Gwamnan da zai tara 'yan jarida ya raba injin batir hamsin kyauta, ba tare da rumfar caji ko makanikin da ya san cikinsa ba, ya raba kayan da za su koma ƙarƙashin gado kafin shekara ta zagayo. Masuncin da ke kwana uku a tsakiyar Tafkin Chadi, ko mai dakon buhuna daga Yawuri zuwa nesa, har yanzu fetur ne abokin tafiyarsa, kuma yaudara ce a gaya masa wani abu daban. Amma mai tsallakar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan ranar kasuwa, sau goma ko ashirin, a hanyar da kakansa ya bi, shi ne ainihin irin wanda Bergen da Shikago da Königssee suka yi wa aiki. Rana kuma ba a sayenta a nan. Abin kunya ne ma a ce madatsar Kainji na ba da wuta tun ƙarshen shekarun 1960, amma jiragen da ke yawo a kan tafkinta da jarka suke tafiya.

Kada kuma a ɗora wa batir abin da ba aikinsa ba. Ba zai hana lodin da ya wuce kima ba, ba zai kawar da kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa ba, ba zai sa wa kowa rigar kariya ba, kuma waɗannan su ne ke jawo yawancin mace-macen haɗarin jirgi a garuruwan bakin kogi. Batirin litiyam da ruwa ya shiga ko aka yi masa cajin ganganci yana iya kamawa da wuta, na darma kuwa in ya mutu guba ne idan aka jefar da shi a gaɓa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa da ke da hedkwata a Lakwaja, da gwamnatocin jihohin Neja, Kebbi da Kogi, in da gaske suna son gwadawa, su zaɓi mashigi guda ɗaya mai cunkoso wanda faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba. Su zauna da Sarkin Ruwa da ƙungiyar matuƙan wurin, su kafa rumfar sola da batura a gaɓa, su horar da makanikai biyu ko uku daga cikin 'ya'yan garin, su bayar da injin haya a kan kuɗin da bai kai na fetur ɗin yini ba. Bayan damina ɗaya da rani ɗaya, a buɗe littafin lissafi a gaban matuƙan, su faɗi da bakinsu ko a ƙara ko a tattara.